Darasin Kasuwanci: Lambar Tayar Keke

Wajibi ne 'yan kasuwa masu sarar tayoyin keke a Kafanchan don kaiwa Godogodo su lura cewa lamba 28 da ke jikin taya ba ta isa shaida ba. Baƙin keke irin Raleigh da Phoenix, wanda manoma ke ɗora wa buhun citta, faɗin wilinsa milimita 635 ne. Na keken tsere kuwa 622 ne, amma sau da yawa 28 ake rubuta wa tayarsa. Wannan bambanci na milimita 13 ya isa ya hana taya zama. Saboda haka a duba lambar milimita, kamar 40-635, kafin a biya, don kada kaya su yi kwantai.