Ko Dokokin Hadaya Suna Bisa Kan Mai Bin Almasihu?

Ya kai mai karatu, ko ka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa kana bincike tukuna, wataƙila ka buɗe Littafin Firistoci ka iske surori 7 na farko cike da zancen baiko da yanka: bijimi, da rago, da akuya, da kurciya. Sai ka ce a ranka, "Allah ne ya umarta wannan. Don me ba na ganin bagade a majami'armu ta Romi?" Tambayar ba ƙarama ba ce, gama a ƙasarmu kowa ya tashi ya ga ana zub da jinin dabba domin neman wani abu, ko a gindin tsamiya, ko a kan kabarin kakanni.

Ka fara lura da yadda aka ɗaure dokar. Ba kowa ke miƙa hadaya bisa bagade ba, sai firist na zuriyar Haruna. Ba a ko'ina ake yi ba, sai a wuri ɗaya da Allah ya zaɓa, wanda daga baya ya zama Haikalin Urushalima. Kowace rana ana miƙa 'yan raguna 2, ɗaya da safe, ɗaya da maraice. Sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, ake kawo bunsuru 2 domin zunubin jama'a, a yanka ɗaya, babban firist ya shiga da jininsa bayan labule, ɗayan kuma a kore shi jeji. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, hadayar Yahudawa kuwa ta tsaya, har wa yau ba ta komo ba. (Samariyawa 'yan kaɗan ne suka rage suna yanka ragunan Idin Ƙetarewa a Dutsen Gerizim.) Saboda haka wanda ya yanka akuya a bayan ɗakinsa a Romi, yana cewa Shari'ar Musa yake bi, ita wannan Shari'a ce za ta fara kashe shi da laifi, gama shi ba ɗan Haruna ba ne, bayan ɗakinsa kuma ba Haikali ba ne.

Amma ko da Haikalin yana tsaye, da ba za ka koma can ba. Ka karanta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 9 da 10, a hankali. Hujjar marubucin ita ce, abin da ake maimaitawa kowace shekara ya nuna da kansa bai gama aiki ba. Hadayun nan kamar jingina suke, wadda mai cin bashi ya ajiye kafin mai biya ya zo. Yesu ya zo, ya miƙa ransa sau ɗaya, aka biya bashin duka. In bayan haka ka ɗauki wuƙa domin ka sayi gafara ko kariya, kana cewa biyan bai cika ba ke nan. Dokokin ba sharar banza ba ne. Ka riƙa karanta su, domin su ne suke koya maka nauyin zunubi da tsadar gafara.

Manzanni da kansu sun zauna a kan irin wannan a Urushalima, wajen shekara ta 49, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta faɗa. Ba su ɗora wa masu bi na sauran al'ummai kaciya ko hadaya ba. Abu 4 kaɗai suka ce a guje wa: abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci.

To, ragon suna fa? In Allah ya ba ka haihuwa, ka yanka ragonka, ka kira maƙwabta, ku ci, ku yi godiya. Wannan abinci ne da karɓar baƙi. Amma kada ka sa a ranka jinin ragon ne zai tsare yaron.

Naman layya ya fi bukatar hankali. Tun rikicin shekara ta 2000 mutanen Kaduna da yawa sun rabu da zama, Kirista suka fi yawa a kudancin kogi, Musulmi a arewa. In tsohon maƙwabci ya ƙetaro gada da ƙwaryar nama ranar Babbar Salla, zumunci ne ya kawo maka, abin da ya yi wuya a garin nan. Shi ba ga gunki ya yanka ba, yana tunawa da biyayyar Ibrahim ne. Masu bi da yawa suna karɓa su ci, waɗansu kuwa zuciyarsu ba ta yarda ba. Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa abinci ba ya kai mutum kusa da Allah, ba ya kuma nisanta shi, sai dai kada 'yancin wani ya zama tuntuɓe ga ɗan'uwa rarrauna. A ganina, ko za ka ci ko ba za ka ci ba, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, kada ka kunyata mai kawowa.

Ka yi hankali kuma da mai kiran kansa annabi, wanda zai ce ka kawo baƙin bunsuru kafin ya yi maka addu'a. Sunan Yesu a bakinsa bai mai da aikin nan na Kirista ba.

Mafi wuya duka shi ne saƙo daga ƙauye: mahaifiyarka tana ciwo, dangi sun ce kowa ya kawo kuɗin akuyar da za a yanka wa kakanni. A nan ba za ka sa hannu ba. Za su ce ka yar da su, zai kuwa yi maka zafi. Kada ka aika da ƙi kawai. Ka tafi da ƙafarka, ka gai da manya da ladabi, ka faɗa musu dalilinka a fili ba da zagi ba. Sa'an nan kuɗin da suka roƙa, ka ƙara a kansa in kana da hali, ka ɗauki tsohuwa ka kai ta asibiti, ka zauna kusa da ita kana addu'a.