Mata Ke Ɗebo Ruwa, Amma Su Wa Ke Aiki a Hukumar Ruwa?

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowar ya shafi duk mai shirin neman aiki a hukumar ruwa, ko ma'aikatar muhalli, ko hukumar kwashe shara. Magana ce kan rabon ayyuka tsakanin maza da mata a waɗannan wuraren. Na san da an ce "daidaito" wasu za su ce ga 'yan boko sun zo da tasu. To ku ɗan yi haƙuri, mu fara da lissafi tukuna.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto cewa a cikin kowane gida 10 da babu ruwa a harabarsu, a gida 7 mata da 'yan mata ne ke ɗebo shi. A nan birane muna da 'yan garuwa, amma ko an sayi ruwan, mace ce ke lissafin yadda jarka huɗu za ta isa girki da wanki da wankan yara.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. A 2019 Bankin Duniya ya binciki hukumomin ruwa da tsafta 64 a ƙasashe 28, ya gano cewa mata kashi 18 ne kacal cikin 100 na ma'aikatansu. A cikin injiniyoyi da manajoji kuwa, kashi 23. Kun ga ke nan wadda ta fi kowa sanin zafin rashin ruwa ita ce ba a gani a teburin da ake yanke shawarar wace unguwa za a kai wa bututu. Kuma ba yau aka gane haka ba: tun 1992, a taron ruwa da aka yi a Dublin, aka amince cewa mata na da muhimmiyar rawa wajen samar da ruwa da kula da shi.

Me ya sa abin ya fi damun mu a Arewa?

Saboda kalmomi biyu da muke gani a ƙofar gidaje: "Ba shiga". Duba-gari namiji zai tsaya ne a zaure, ya tambayi maigida, maigida ya ce komai lafiya lau. Amma masai, da randar ruwa, da rijiya, da kwata, duk suna ciki. Ma'aikaciya mace ita ce za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, ta ga ko randa na da murfi, ta ga tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. A lokacin ɓarkewar amai da gudawa, wannan shigar tana iya zama abin da zai ceci rai. Haka nan karanta mita, da karɓar ƙorafi, da koyar da yadda ake sa kulorin a ruwan sha.

Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta a Nuwamba 2018, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Irin wannan aikin na gida-gida ne. Hukumar da ba ta da mata, rabin gari a rufe yake gare ta.

A ina ake rasa su?

Ni dai a wuri huɗu nake ganin yoyon.

Na farko a nan makaranta ne. Ku leƙa ajin injiniyan gine-gine ko na injuna, ku ƙirga mata. Sannan ku leƙa ajin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Tun daga cike fom ake cewa yarinya, "wancan aikin maza ne."

Na biyu wajen ɗauka. Idan ba a tallata gurbi a fili ba, sai "wa ka sani" ya yi aiki, kuma a majalisar da ake jin labarin gurbin, mata ba sa zama. Inda ake ganin mata da yawa shi ne sharar titi da sassafe, galibi a matsayin ma'aikatan wucin gadi: ba fansho, ba ƙarin girma, sau da yawa ba ko safar hannu da takunkumi.

Na uku wajen riƙe su. A wata hukumar ruwa da na yi IT, banɗaki ɗaya ne a duk matatar, kuma ƙofarsa ba ta da sakata. 'Yan ajinmu mata biyu sai su ƙi shan ruwa tun safe don kada su buƙace shi. Ku ji fa, a matatar ruwa! Takalman kariya kuma duk manya ne, na ƙafar maza, don haka ranar fita gyaran bututu aka bar su a ofis suna jera fayil. Wallahi ba wanda ya kore su, amma sun gama wata huɗu ba su taɓa famfo ba. Ga kuma batun haihuwa: Dokar Ƙwadago ta ba da mako 12, gwamnatin tarayya na ba ma'aikatanta fiye da haka, Legas da Kaduna sun kai nasu wata 6. Inda hutun ya yi kaɗan kuma babu wurin ajiye jariri, ƙwararriya sai ta ajiye aikin.

Na huɗu ƙarin girma. Wanda bai fita fili ba, ba shi da abin rubutawa a takardar neman ƙarin girma, kuma ba shi za a tura kwas ba. Haka tazarar ke ƙaruwa shekara bayan shekara.

Doka fa?

Manufar Jinsi ta Ƙasa ta 2006 ta ware wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a Afrilu 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta cika wannan alkawari. A sama an ɗan ga motsi: Sarah Ochekpe ta riƙe ma'aikatar albarkatun ruwa daga 2011 zuwa 2015, Margaret Oguntala kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya a 2024. Sai dai minista ɗaya ba ta gyara sakatar banɗaki a matata.

Wani zai ce, "To aikin dare fa, da tonon rami?" Gaskiya ne matata ba ta barci. Amma ai ma'aikatan jinya mata na kwana a asibiti, don an tanadi tsaro da ɗakin hutu. Kuma yawancin aikin mai difloma auna alif da kulorin ne, da gwada ingancin ruwa, da zana taswirar bututu, da kula da injin famfo. Kai ake buƙata, ba ƙwanji ba.

Abin da ke hannunmu

Ƙanwata, idan lokacin IT ya zo, ki nemi hukumar ruwa, ko RUWASA, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Ranar farko ki faɗa wa mai kula da ke cewa kina son fita fili, ki tambayi kayan kariya daidai ke. Ki nemi reshen APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi da aka kafa tun 1982, don samun wadda za ta riƙe miki hannu.

Kai kuma ɗan uwa, a firaktikal ka daina karɓe sifana kana miƙa mata biro wai ita ce sakatariya. Ka bar ta ta kwance, ta ɗaure.

Shugabannin ƙungiyarmu su ma ga nasu: a sa wa masu dawowa daga IT tambaya uku a takarda, wato ko akwai banɗakin mata, ko an ba su kayan kariya, ko an fita da su fili. A tattara amsoshin a miƙa wa ofishin SIWES kafin a tura rukuni na gaba. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.