Jirgin da aka daka yana ɗaure a turke

Da sassafe ranar kasuwa aka turo yaro ya kira ni bakin ruwa a Yawuri, wai in zo in duba jirgin wani dattijo da na daɗe ina yi wa gyara. Babban jirgin katako ne na dakon kaya. Tun la'asar ya yi lodin shinkafa shanshera, ya ɗaure gaba da baya yadda ya kamata, ya bar ɗansa ya kwana a ciki. Bayan isha'i sai ga wani matashi ya taso daga tsallake, injin Yamaha yana ta kuka, ba fitila sai hasken waya. Bai rage wuta ba sai da ya hango duhun jirage a gabansa. Ya kashe inji, amma gudu ya riga ya ɗauko shi. Goshin jirginsa ya daki na dattijon a gefe.

Suka haska, suka ga 'yar tsaga. "Ba komai, Baba, ƙujewa ce," in ji matashin. Maigidansa, don kada magana ta kai ga Sarkin Ruwa, ya nemo wani mai faci cikin daren. Mutumin ya cusa tsumma, ya shafa kwalta, ya buga guntun kwano da ƙusa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kafin assalatu ɗan dattijon ya farka ruwa na taɓa tabarmarsa. Buhunan ƙasa duk sun jiƙe.

Da muka sauke kaya muka jawo jirgin tudu, na ɓamɓare kwanon. Abin da na gani ya ɓata mini rai. Katako biyu sun tsage a ƙasan inda ruwa ke tsayawa, haƙarƙarin ciki ɗaya ya karye, ƙusoshi sun zazzaro har nesa da wurin dukan. Mai facin ko ciki bai leƙa ba, don buhuna sun rufe wurin. Da ruwan bai shigo cikin dare ba, da jirgin nan ya tashi da safe, mata da yara a kan buhuna, ya shiga faɗin Kainji inda iska ke tayar da igiyar ruwa. Dattijon ya tsaya yana kallon shinkafarsa, ni kuwa hankalina na kan mutanen da ya yi niyyar ɗauka.

Jirgi ba shi da birki. Wanda ke tafiya shi ke da alhakin kauce wa wanda ke ɗaure. Jirgin da aka daka, a sauke kaya a duba cikinsa, ko da waje lafiya lau yake.

Idan jirgi ya nutse a tsakiyar kogi, kamar na Warra a watan Mayun 2021 ko na Pategi a Yunin 2023, kowa maganar yawan lodi da rigar kariya yake yi, kuma gaskiya ne. Amma mu da muke ɓalle katako mun san jirage da yawa a bakin gaɓa suke fara mutuwa, duka bayan duka, faci kan faci. Ba mai kai rahoton irin wannan karo, tunda ba a rasa rai ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, amma ku zo bakin ruwa bayan magariba ku ji kukan injuna. Masu jirage, ku daina miƙa wa yara inji don kawai sun iya jan igiya. Shigowa gaɓa ranar kasuwa, jirage jere kamar haƙoran mataji, shi ne gwanintar, ba gudu ba. A rage wuta tun daga nesa, a sa mutum a goshi da gora a hannu. Igiyar ruwan da gudunku ke tayarwa ma kaɗai tana gwara jiragen da ke ɗaure da juna.

Masu ɗaurewa, ku ma kuna da naku. Tsohuwar taya nawa take da za ku kasa rataya biyu a gefe? Wani zai ɗaure goshi kawai, ruwa ya juyo da bayan jirgin ya tare hanya. Ruwan Kainji yana hawa yana sauka, igiyar da ta yi daidai wancan makon ba lalle ta yi yau ba. Masunta kuma da ke tsayawa a kan hanyar jirage ba fitila, na gaji da faɗa.

Mai facin dare kuwa, kada ku sake ya taɓa muku jirgi. Kwalta tana rufe tsaga, ba ta ɗaure karyayyen katako. Dattijon nan sai da muka canza masa katako biyu da haƙarƙarin, kasuwa ta wuce shi, kuma har yanzu ana ja-in-ja da maigidan matashin kan wanda zai biya shinkafar.