Tsohuwar kwamfuta mai jan ƙafa

Yara, a Birnin Ƙwanni ana samun tsofaffin kwamfutoci ƴan kwatano, masu sauƙin kuɗi. Da yawansu jan ƙafa gare su: ka kunna, ka yi ta jira. Amma ba duka ne suka lalace ba.

Cikin kwamfuta akwai rumbu, akwai tabarma. Rumbun shi ne faifan ajiya, inda ake adana kome. Tabarmar ita ce RAM. A kanta ne Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, take baza aikin da ke gabanta. In tabarma ta yi kaɗan, sai ta yi ta kai da komowa zuwa rumbu, aiki ya tsaya. Mai gyara yakan ƙara RAM, daga giga 2 zuwa 4 ko 8. Sai dai ya duba iri tukuna: DDR3 ba ta shiga gurbin DDR2.

Tsohon faifai juyawa yake yi, sau 5400 ko 7200 a minti guda, wata ƴar allura tana neman abin da aka ajiye. Sabon samfuri, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. A ganina, in kuɗi ba su kai na biyun ba, shi za a fara saye.

Ƙurar hunturu kuma takan toshe fanka, na'ura ta yi zafi, ta rage gudu. A cire ta daga wuta kafin a buɗe a share.

Tambayoyi
1. Me ke faruwa in tabarma ta cika?
2. Don me SSD ya fi tsohon faifai sauri?