Yadda Ake Haɗa Tawagar Gasa a Pokémon Showdown da Wayar Hannu

A gidajen gem na Malumfashi da Funtuwa ƙwallo ce ke ci, kuma duk yaron da ya saba riƙe pad ya san ba a zuba 'yan gaba goma sha ɗaya a fili. Amma da ya shiga gasar Pokémon sai ya manta, ya kwaso dodanni shida mafiya ban tsoro, ya sha kashi sau goma a jere, ya goge shafin yana cewa wasan sa'a ne. Matsalar daga haɗin tawagar take, tun kafin a buga zagayen farko.

Kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiri Pokémon, Nintendo ta fitar da shi a 1996. Scarlet da Violet sun fito a Nuwamban 2022 a na'urar Nintendo Switch, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin matasa. Mafita ita ce Pokémon Showdown, shafin intanet na kyauta da ke buɗewa a burauzar waya. Babu kiwon dodo, babu yawon nema, ana zaɓar shida ne kai tsaye a kara da wani mutum daga ko'ina a duniya. Ƙungiyar Smogon ce ke tsara rukunan gasar, kuma wanda aka fi cika shi ne OU, inda ake faɗa ɗaya da ɗaya. A kansa wannan darasi yake. Gasar kamfani ta VGC daban ce, can biyu-biyu ake karawa, a zo da shida a zaɓi huɗu.

Nau'i kafin ƙarfi

Akwai nau'i 18, kuma kowane dodo yana da ɗaya ko biyu. Da Turanci allon ke rubuta su: Fire wuta, Water ruwa, Grass ciyawa, Ground ƙasa, Steel ƙarfe, Ice ƙanƙara, Ghost fatalwa, Fighting dambe, Flying masu tashi, Dark duhu, Fairy kuma aljana. Dukan da ya dace da raunin dodo yana ninka ɓarna sau biyu. Idan nau'insa biyu duk suna tsoron abu ɗaya, sau huɗu ke nan. Akwai kuma dukan da ba ya taɓawa sam: lantarki ba ya kama na ƙasa, dukan ƙasa ba ya samun masu tashi, dambe ba ya taɓa fatalwa. Sannan idan dodo ya yi duka irin nau'insa, ƙarfin yana ƙaruwa da rabi.

Manomin yankin nan ya san dalilin da ya sa ake haɗa dawa da wake a gona ɗaya, ko a raba fili tsakanin masara, auduga da waken suya: abin da ya kwantar da ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayan ba. Haka tawaga take.

A fara da wanda zai ƙare wasan

Tambayar farko ita ce, wa zai share sauran abokan gaba a ƙarshe? Misali mai kyau shi ne Kingambit, mai duhu da ƙarfe. Baiwarsa Supreme Overlord tana ƙara wa dukansa kashi 10 cikin 100 duk lokacin da wani ɗan tawagarsa ya faɗi, har zuwa kashi 50. Wato an yi shi ne don ya shigo a ƙarshe. Swords Dance tana ninka ƙarfin dukansa, Sucker Punch kuma tana riga abokin gaba duka matuƙar shi ma duka ya zaɓa, abin da ke rufe masa asiri tunda gudunsa 50 ne kacal.

Rauninsa uku: wuta, ƙasa, da dambe wanda ke cinsa ninki huɗu. Sauran gurabe biyar aikinsu su tare waɗannan, su kuma gajiyar da masu tare shi.

Gholdengo, mai ƙarfe da fatalwa, shi ne amsar dambe, don ba ya jin sa ko kaɗan. Sai dai shi ma yana tsoron ƙasa da wuta. A nan ne sababbin 'yan wasa ke faɗawa rami. Suna ganin matsalar ƙasa sai su ɗauko Corviknight, tunda tsuntsu ne ƙasa ba ta samunsa. Gaskiya ne, amma shi ma ƙarfe ne, don haka dodanni uku ke nan da wuta ke ci. Mai wuta guda ɗaya ya isa ya cinye rabin tawagar. Wanda ya fi dacewa shi ne Rotom-Wash, mai lantarki da ruwa. Baiwarsa Levitate tana kare shi daga dukan ƙasa, yana jure wuta, kuma rauninsa ɗaya ne tak, ciyawa, wadda Kingambit da Gholdengo duk ke jurewa. Kowa ya toshe ƙofar ɗan'uwansa. Volt Switch ɗinsa ma tana ba shi damar yin duka ya fice a zagaye ɗaya, abokinsa ya shigo.

Duwatsun da ba a ganin amfaninsu sai daga baya

Stealth Rock ta shigo tun Diamond da Pearl a 2006, kuma har yau tana cikin abubuwan da suka fi juya wasa. Ana zuba ta sau ɗaya, daga nan dodon abokin gaba da ya shigo fili yakan rasa kashi ɗaya cikin takwas na jininsa, ko fiye ko ƙasa da haka gwargwadon nau'insa. Wanda ke tsoron dutse ninki huɗu, irin Charizard ko Volcarona, rabin jininsa ke tafiya daga shigowa kawai. Ga tawagar Kingambit wannan zinariya ce, don dodon da zai iya jure Sucker Punch da jini cikakke sau da yawa ba ya jurewa bayan ya taka duwatsu sau biyu. Garchomp, mai ƙasa da nau'in Dragon, yana zuba su, yana kuma jure wuta.

Abokin gaba zai so ya share su, da Rapid Spin ko Defog. A nan Gholdengo ke biyan kuɗin gurbinsa karo na biyu: Rapid Spin ba ta taɓa fatalwa, baiwarsa Good as Gold kuma tana toshe Defog. Ita ma tawagar tana buƙatar mai shara, sai a sa Great Tusk da Rapid Spin. Shi da Garchomp duk suna tsoron ƙanƙara da aljana, amma masu ƙarfe biyun suna jure ƙanƙara, Gholdengo kuma yana jure aljana, don haka haɗin ya tsaya.

Gurbi na shida na gudu ne. Iron Valiant, mai gudu 116, yana da Moonblast da ke cin masu dambe, ciki har da Great Tusk na abokin gaba, wanda shi ne babban ciwon kan wannan tawaga.

Lissafin maki

Kowane dodo ana raba masa makin horo, EV, har 510, kuma siffa ɗaya ba ta wuce 252. A mataki na 100 maki huɗu ne ke ƙara lamba ɗaya. Ɗabi'ar dodo tana ɗaga siffa ɗaya da kashi 10, ta rage wata da kashi 10. Garchomp mai gudu 102, idan aka cika masa maki aka ba shi ɗabi'ar Jolly, yana kai 333, mai gudu 100 kuma iyakarsa 328. Wannan tazara ta biyar ita ke yanke wanda zai fara duka. Raba maki kaɗan-kaɗan a duk siffofi shida kuskure ne, dodon zai tashi ba gudu ba tauri. Ga mai farawa, 252 a siffofi biyu da suka dace da aikin dodon ya wadatar.

Kayan riƙewa ba su da wuyar ganewa. Leftovers tana mayar da kashi ɗaya cikin 16 na jini kowane zagaye. Choice Scarf tana ƙara gudu da rabi, amma ta ɗaure dodo a kan duka ɗaya har sai ya fita. Air Balloon tana ɗaga Gholdengo daga dukan ƙasa har sai an buge shi sau ɗaya. Sai Tera, wadda ake amfani da ita sau ɗaya a wasa don sauya nau'in dodo guda. Kingambit da ya koma mai tashi ba ya jin ƙasa, yana kuma jure dambe, kuma zagaye ɗayan nan da ya tsira ya ishe shi yin Swords Dance. Ƙona Tera tun farkon wasa a kan wani dodo daban asara ce ga wannan tsari.

Abin da ya shafi mai wasa da waya

Akwai salon tawaga na tsayawa da jurewa, inda wasa ke wuce zagaye ɗari. Ga wanda ke zaune a Malumfashi da data ta kwana ɗaya da batir ɗin da aka yi wa caji a shago, wannan salo bai dace ba. Idan abokin gaba ya kunna agogo sabis ya ɗauke, lokaci zai ƙare a ba shi nasara. Tawaga mai matsa lamba irin ta sama tana gamawa da wuri. Kashe sauti da motsin hotuna a saitin shafin yana sauƙaƙa wa ƙaramar waya.

Shafin yana ajiye tawaga a ma'ajiyar burauza, don haka goge bayanan burauza don samun wuri na iya tafiya da ita. Maɓallin Import/Export yana fitar da tawagar a matsayin rubutu zalla, a kwafe a tura wa kai a WhatsApp. Smogon tana sauya jerin dodannin da aka haramta lokaci zuwa lokaci, maɓallin Validate ne ke nuna ko tawagar ta halatta a yau. Bayan wasa goma ko ashirin a duba wane dodo ne ke yawan karya ta, a sauya gurbi ɗaya kawai, a sake gwadawa.