Koyon Tuƙin Jirgin Sama

A shekarar 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Yaron da ke son wannan aiki sai ya ƙware a lissafi da Turanci. Sa'an nan likita ya duba idanunsa da kunnuwansa da zuciyarsa.

Da fari a aji ake koya masa halin iska da gizagizai, da karatun taswira. Daga nan ya hau ƙaramin jirgi, malami na gefensa. Ran da malami ya amince da shi, sai ya bar shi ya tashi shi kaɗai.

Ba a ba mutum takardar izinin tuƙa jirgin haya sai ya cika shekara 18, ya kuma yi awa 200 yana tuƙi a sama. Amma wanda ya zauna makarantar da hukuma ta yarda da ita, ba shi da wani aiki sai koyo, awa 150 ta ishe shi. Dalili kuwa, kullum yana kan aikin, ba ya mance abin da ya koya jiya.

Duk da haka ba a ɗauke masa jarrabawa ko ɗaya, gama rayukan mutane za a danƙa masa.