Darasi: harufan da ke fitowa a saman talho

A yau talho ya shiga hannun manoma da makiyaya na Dakoro, da Kornaka, da Bermo. Da shi ake jin kuɗin gero da na bisashe a kasuwa. Da shi ake kiran likita, da shi ɗan cin rani ke aiko kuɗi gida. Amma mutane da yawa suna kuka: rezo ya yi nauyi, ko kuma kredi ya ƙare ba a san dalili ba. Wanda ya iya karatu yana iya gane dalilin, don an rubuta shi a saman talho.

Ina rezo ke fitowa?

Talho ba ya aiki shi kaɗai. Yana magana da antena, wato dogon ƙarfen nan da kamfani ke kafawa. A Nijar kamfani huɗu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Hukumar gwamnati da ke sa musu ido ita ce ARCEP. Kowane sim antenar kamfaninsa yake nema. Shi ya sa a ƙauye guda wani sim ya kama, wani ya ƙiya.

Harufa da ma'anarsu

A saman talho, kusa da sandunan rezo, akwai ƙaramin rubutu.

4G: hanya mai sauri ƙwarai. Hoto da bidiyo suna wucewa nan da nan. A Nijar an fara ta a shekarar 2019.

3G, ko H, ko H+: hanya matsakaiciya. Saƙon murya na WhatsApp da hoto suna wucewa.

E, ko G: tsohuwar hanya, wadda ake kira 2G. Tafiyarta kamar ta amalanke ce. Hoto guda yana iya cin minti da yawa.

Me ya sa harafi ke sakewa?

Kullum talho hanya mai sauri yake fara nema. In mutum ya yi nisa da antena, ko tudu ya shiga tsakani, ƙarfin rezo sai ya ragu. To, sai talho da kansa ya sauka daga 4G zuwa 3G, daga 3G zuwa E. Ba lalacewa ya yi ba. Yana yin haka ne don kada magana ta yanke. Kuma ba kowace antenar karkara ke da 4G ba.

Ran kasuwa kuma, ko harafi bai sake ba, intanet yana nauyi. Mutane ne suka yi yawa a kan antena guda, kamar garke a bakin rijiya guda.

Harafin E yana da amfaninsa. In ya fito, ana iya kira, ana iya aika rubutaccen saƙo, ana iya aika kuɗi ta lambobin da ke farawa da tauraro.

Harafin R

In rani ya yi, makiyaya da ƴan cin rani suna yin kudu. Wasu suna bin hanyar Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, har Katsina. Can babu antenar kamfanonin Nijar. In kamfanin mutum yana da yarjejeniya da wani kamfanin Najeriya, kamar MTN ko Glo, sai sim ya ari antenarsa. Wannan aro shi ake kira romin. Talho da yawa suna nuna shi da harafin R.

Aron nan yana da tsada. Kira ya fi kuɗi, intanet ya fi kuɗi, wani lokaci ko amsa kira sai an biya. Forfen da aka saya a gida galibi ba ya aiki a can. Kusa da iyaka, talho yana iya kama antenar Najeriya alhali mai shi yana cikin Nijar.

A watan Nuwamba 2024, a Yamai, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu don sauƙaƙa kuɗin romin a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki.

Abin da ya kamata a yi

1. A duba harafi kafin a taɓa intanet.
2. In E ne, a bar hoto da bidiyo sai an shiga gari. In maganar gaggawa ce, a kira ko a rubuta saƙo.
3. Inda rezo ba shi da ƙarfi, talho yana ta nema, batir ya ƙare da wuri. A daji a kashe intanet, a bar caji don kiran gaggawa.
4. A hau tudu ko a fito fili, rezo yakan ƙaru.
5. Kafin a kai iyaka, a kashe romin na intanet. A talho mai Faransanci an rubuta shi Itinérance.
6. Mai tafiya ya tambayi kuɗin romin a ofishin kamfaninsa tun yana gida.
7. Daga waje, mai kiran Nijar ya fara sa +227. Mai kiran Najeriya ya sa +234.

Wanda ya koyi wannan darasi ya karanta wa waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Tambayoyi

1. Wace hanya ta fi sauri, E ko 4G?
2. Me ake iya yi in harafin E ya fito?
3. Me ya kamata matafiyi ya kashe kafin ya kai Ɗan Isa?